Ranar da Na Ci Tuwo da Hagu

A layin 'yan albasa na kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha, in na ce ga wuta can ta tashi, sai an leƙa an ga hayaƙi kafin a yarda. Ni na jawo wa kaina. Na taɓa rantsewa na ga ɓeran da ya ja buhun albasa har bakin kogi, na kuma iya kwaikwayon tafiyar kowane dattijo a layin. Shi ya sa da ciwon wuya ya kama ni ina ɗan shekara goma sha shida, ba wanda ya ɗauka da gaske.

Ban faɗi ba, ba a buge ni ba. Kawai wata safiya na tashi wuyana ya sandare kamar an zuba siminti. Daga ƙeya wani abu yake tsargawa ta kafaɗar dama har yatsuna, kamar na taɓa tsirarar waya.

Abokaina suka ce wannan shi ne wasana mafi kyau. In an kira ni sai na juyo da jikina gaba ɗaya, kamar tirela za ta yi kwana.

"Kai shege, wa kake kwaikwaya yau?"

"Ciwo nake yi."

"Har da murya. Sake yi mu gani."

Babbar matsalar gaisuwa ce. Kowace safiya dattawa na zama a rumfar Baba, yaro kuwa ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Durƙuson ina iyawa, sunkuyon ne ya gagara. Ga ni a ƙasa, kai a miƙe, ina kallon tsakiyar idon mutanen da suka yi jika da ni. Wani dattijo abokin Baba ya ce, "Alhaji, 'ya'yan da aka haifa a kudu sai addu'a."

Da suka watse Baba ya ce, "Wasan naka ya kai kan manya ke nan?"

"Baba, wallahi wuyana ne."

"Da ɓeran ma wallahi ka ce."

Ciwon bai ƙona mini rai kamar wannan maganar ba. Inna ta sa wanzami ya yi mini ƙaho, ta shafa man zafi har ƙudaje suka daina bin layinmu. Ita ma ina jin don in yi shiru ta yi. Na daina zuwa ƙwallo. In rana ta yi sai in hau bayan buhuna in jingina ƙeya da bango, ina jin abokaina can suna dariyar wani abu da ba ni na faɗa ba. Wata uku ina haka. Na daina faɗa wa kowa, don duk wanda na faɗa wa murmushi yake yi yana jiran ƙarshen labari.

Wata Juma'a bayan masallaci Baba ya yi baƙi daga Fatakwal, aka ajiye tuwo a faranti ɗaya, aka ce in sa hannu. Na gutsura, yatsuna suka ƙi dunƙule loma. Na sake, tuwon ya sulale ya faɗa miya. Yunwa nake ji, ban ma yi tunani ba, na miƙa hagu.

Baba ya kama hannun daman nawa don ya mayar da shi faranti, ya murɗe babban yatsana da wanda ke binsa, irin murɗar da ke sa yaro ya tuna sunan kakansa. Ina kallonsa kawai. Ya ƙara matsawa har farcensa ya shiga. Na ga jini kaɗan, amma ji nake kamar yatsun wani ake matsawa.

"Ba ka ji ba?"

"A'a, Baba."

Ya daɗe riƙe da hannun. Sannan ya ce wa ƙanena, "Kawo masa cokali." Cokalin ma da hagu na riƙe, ba wanda ya hana ni.

Ranar Litinin ni da Baba muka hau mota zuwa asibiti a Inugu. Likita ya ɗaga hoton wuyana ya nuna wani ɗan abu kamar matashi tsakanin ƙashi biyu, ya ce ya zame yana danne jijiya. Dalili kuwa bai sani ba. Ya ce da wuya a ga haka ga mai shekaruna, ya ba ni magani da wani abin ɗaure wuya da ya mayar da ni kamar kwalba mai marfi.

Har yau ciwon yana nan, wata rana ya lafa, wata rana ko maɓallin riga ba na iya sawa. Baba bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma a hanyar dawowa daga Inugu, duk ramin da motar za ta faɗa sai in ji tafinsa a ƙeyata, ya tallabe ni. Ramukan hanyar nan kuwa ba su ƙirguwa. Har muka iso Anacha hannunsa bai sauka ba.