Taurarin da Ke Cikin Wayar Malam

Akwai wata la'asar a cikin takabata da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Mijina malamin kimiyya ne a wata sakandare a Babura, ya rasu a hatsarin babur a hanyar Kazaure. Allah bai ba mu haihuwa ba. Bayan sadakar bakwai 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya rage daga ni sai surukata, Inna, wadda ba ta cika magana ba. Wuni nake yi a ɗaki ina sauraron kurciya a kan darbejiya.

Ran nan ƙaninsa ya aiko cewa gobe zai karɓi wayar Malam a goge ta, a haɗa da kayan gado. Na ce bari in duba ko akwai hotunanmu. Guda uku na samu. Sauran duk na sararin sama ne: gungun taurari a murɗe kamar saƙar faifai, wata duniya da zobe ya kewaye ta, da wani koren haske da ya sauko kamar labule a kan ƙanƙara.

Na san su. Sau nawa ya miƙo min wayar yana cewa, "Zo ki ga ikon Allah," ni kuwa in ce, "Malam, miyata za ta kama." Ban taɓa tambayarsa sunan ko ɗaya ba. Yanzu ga lokaci har ya yi min yawa, babu mai faɗa min.

Inna ta same ni ina kuka. Ta karɓi wayar ta kai kusa da idonta.

"Wannan mai zoben ita ce Zuhal," ta ce. "Ya ce ta fi duniyarmu girma nesa ba kusa ba."

"Inna, ke ma ya nuna miki?"

"Kullum in ya shigo gaishe ni. Ba na gani sosai, 'yar nan, amma nakan bar shi ya yi ta bayani."

Ta zauna a tabarmata ta faɗa min ɗan abin da ta riƙe. Bai fi sunaye huɗu ba. Washegari na roƙa aka sa wayar a rabona.

Tun ranar na gane cewa sauraron mutum a kan abin da yake so, ko ba ka fahimta, shi ma ƙauna ce, kuma yana da lokacinsa. In ya wuce, sai dai ka tsinci ragowarsa a bakin wasu.