Alewar Tsamiyar Doña Crispina

Duk ƙauyen ba wanda bai san Doña Crispina mai alewar tsamiya ba. Tun tana budurwa take kwaɓa tsamiya da sukari da garin barkono, ta dunƙula, ta kasa a ƙofar coci. Mace ce mai baki, ba a taka ta a kwana lafiya, amma a kan mijinta Don Eleuterio ba ta da wasa. Shi ne mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan gari. Biki, jana'iza, ranar waliyyin ƙauye, in ba a ji ƙahonsa ba kamar miya ce ba gishiri.

Da hawan jini ya kama shi aka ɗora shi a kan magani, sai bakinsa ya riƙa bushewa ƙayau. Mai busa kuwa ba yawu, ina labari? Rannan ana tsakiyar rakiyar gawa ƙahon ya shaƙe masa, ya dawo gida jiki a sanyaye.

"Haba tsoho, wannan ne abin damuwa?" in ji Crispina. "Jefa alewar nan ɗaya a kunci ka ga ikon Allah."

Tsamiya kuwa ta tsinko yawu, ƙaho ya dawo garau. Daga nan kullum sai ta cika masa aljihu. Yana gona tana kuncinsa, yana barcin rana tana kuncinsa. Har Crispina na yi wa ƙawarta Otilia alfahari wai ta fi likitan birni.

Kafin shekara ta zagayo, mutumin da ya haura sittin bai san ciwon haƙori ba, sai ga baƙi-baƙi a gindin haƙoransa na gaba. Ruwan sanyi ya gagare shi. Otilia ta ce ciwon sukari ne, haka ya fara wa mahaifiyarta. Wasu suka ce sammun makaɗan ƙauyen ƙetare ne. Hankalin Crispina ya tashi, ta kunna kyandir a coci, don tausayi kuma ta ƙara masa alewar. Wayyo, gyaran gangar auzinawa!

A asibitin birnin Tlaxiaco aka gwada jininsa, ba sukari. Likitar haƙori ta leƙa bakin ta girgiza kai. Ta ce yawu ne ke wanke haƙori, maganin ya ƙafar da shi, in kuma aka yini da zaƙi da tsami a baki, sai ruɓa ta yi gudu. Haƙoran saman nan na gaba dole a cire. A kansu kuwa bakin ƙaho ke jingina.

"Wa ke ɗura maka alewa haka, Don Eleuterio?"

Crispina na zaune a gefe. Ta buɗe baki ke nan ya riga ta.

"Sata nake yi a tirenta, likita. Ba ta sani ba. Da ta sani ai da ta karya mini hannu."

Ya yi dariya abinsa. Crispina kuwa gara a ce ya zage ta tas.

A mota ta ce, "Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Shekara guda kika ƙara mini ina busa, tsohuwa. Bar maganar."

Maganar dai ba ta bar ta ba. An yi masa haƙoran roba, amma da ya danna ƙaho sai su goce, iska ta tsere.

Ranar waliyyi makaɗa suka tsaya a gaban tirenta kamar kowace shekara, don ta raba musu alewa. Ƙahon na hannun wani. Eleuterio na can baya rungume da babbar ganga. Kowa ya miƙo hannu, shi ma ya miƙo nasa don sabo, sannan ya tuna.

Crispina ta kasa kallonsa. Ta ɗebo masa ruwa a ƙoƙo, garin miƙa masa rabi ya zube a ƙasa.