Mai Agogo da Aron Baki

Shekara talatin Mai Agogo yana duƙe a lungun shagonsa da gilashi a ido ɗaya, maganarsa ba ta wuce "to" da "dawo gobe". Matarsa ta saba. Shi ya sa ranar da ya shigo gida ya ce, "Yaya wuninki? Ba ni labari," ta ajiye ludayi ta ƙare masa kallo.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ci gaba, ina jin ki."

Wai ina jin ki! Wannan bakin ba nasa ba ne, wani ke ara masa. Ko wata. Kwana uku tana binciken wayarsa, tana shinshina rigunansa, ba ta ji komai ba sai man agogo. Rana ta huɗu ta kai masa abinci shago, ta jira ya fita, ta ja aljihun tebur. Tsofaffin littattafan labari ne guda biyar, an bi hirar mutanen ciki da jan biro. Ta shiga buɗawa, tana neman kalaman soyayya. Babu ko ɗaya. Inda uba ke magana da 'yarsa kawai ya ja wa layi.

Ta mayar da littattafan cikin aljihun. Shekara biyu 'yarsu ba ta tako gidan ba, tun ranar da ta ce ta bar aikin asibiti za ta buɗe shagon ɗinki, shi kuwa ya ce "to" ya juya baya. Ranar Asabar za ta zo kwashe sauran kayanta.

Asabar ta yi. 'Yar na cusa kaya a jaka, ya tsaya bakin ƙofa ya gyara murya.

"'Yata, na san shiruna ya ɓata miki rai, ina so in fahimci abin da ke zuciyarki."

Ta juyo tana masa kallon rashin yarda. "Baba, wa ya rubuta maka wannan? Mama ce?"

Sauran abin da ya haddace ya gudu. Uwar na jin su, ta danne bakinta da ƙyar.

"A littafi na gani," ya ce. "Wata biyar ina karantawa, ban iya ba. Ranar da kika ce kin bar asibiti, tsoro na ji, na rasa abin cewa."

'Yar ta ture jakar ta zauna bakin gado.

"Tsoron me, Baba? Zauna ka faɗa min da bakinka."