Muryar Wanda Ke Kan Hanya

Shekarar da aka yi ta shelar Shari'a a jihohinmu ina aji biyar na firamare a Daura, kuma babban abin da ke hana ni sukuni shi ne ko za a ƙwace mana gem, na'urar wasanmu ta talabijin. Yayana Sanusi ne ya sayo shi a Kongolam, wurin wani ɗan tebur da ya rantse masa cewa wasa dubu ne a ciki. Da muka yi bincike, wasa huɗu ne suke ta canza riga. Hutun sanyi ne, babu makaranta babu gona, sai mu wuni a ɗakin samari cikin bargo ɗaya muna jiran a kawo wuta. In an kawo, mu yi ta tsallake ramuka a talabijin. In an ɗauke, mu buɗe zaman fatawa. Sanusi ya yanke hukuncin cewa gem halal ne, amma duk da haka cikin buhun gero yake kwanar da shi, don ko mufti yana son kayansa.

Mutanen cikin gem ɗin bebaye ne, saboda haka mu muke ba su baki. Gwaninmu a wannan fanni wani ɗan wasan kwaikwayo ne na rediyo, wanda shi kaɗai yake yin muryar mai gari marowaci, da ta matarsa, da ta jakinsa. Ba mu taɓa ganinsa ba, amma mun sha dambe a kan ko yana da tumbi. Sanusi ya rubuta masa wasiƙa uku. Da amsa ba ta zo ba, ya ɗora laifin a kan ruwan sama, alhali ko ɗigo ba a yi ba.

Ashe a gidanmu akwai wadda ta dama gwanin namu ta shanye. Iya ce, mahaifiyar Baba. Da an idar da isha'i sai ta sa a hura mata gawayi a kasko, mu kewaye shi muna gasa tafin hannu da gyaɗa. A bakinta kura tana magana ta hanci, liman yana tari kafin kowace aya, mai tallan nono tana jan kira har sai ka ji yunwa. Amma wadda muka fi roƙo ita ce muryar Baba. Shi ne ɗan farinta, don haka bisa al'ada ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar ko ya ci abinci, in ya durƙusa gaishe ta bango take kallo. "Wancan mutumin" take ce masa. Amma in ta kumbura wuya ta ce, "Wane ja'irin ne ya taɓa mini rediyo?" har Umma sai ta leƙo daga madafa.

A wannan hutun Baba ya loda shanu a mota zuwa Kudu. Kwana biyu da tafiyarsa rikici ya ɓarke a garuruwan da ke kan hanya. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. Maza suka manne da rediyo a ƙofar gida, kowa na fassara labarai yadda tsoronsa ya ba shi. Kwana tara babu labarin Baba. Ƙanwarmu Ummi, 'yar shekara huɗu, wadda ba ta cin tuwo sai a kwanonsa, ta rufe baki gam. Idanunta suka fara faɗawa.

Ni na kawo dabara, ina ta hura hanci. Na ce Iya ta laɓe a zaure, ta yi sallama da muryar Baba, ta umarci Ummi ta ci tuwo kafin ya shigo.

Iya ta dube ni ta ƙasan ido. "Angona, iyakar bokon ke nan? Zauna. Ga ta nan, ga ta nanku, in kunnuwanku ba su tafi gem ba."

Ta ce wani makiyayi ne ya ɓata a daji, shanunsa suka ƙi komawa gida don ba sa amsa kiran kowa sai nasa. Mutanen gari suka ɗauko wani gwanin kwaikwayo daga kasuwa. Ya tsaya a bakin rafi ya yi kira, shanu suka taho a guje. Kullum haka, kuma kullum kiran nasa yana ƙara zaƙi, don shi ba ya sha rana, ba ya kwana da ƙishi. Ranar da makiyayin ya dawo, maƙogwaronsa ya bushe, ya yi kira a dishe. Shanun suka ɗaga kai, suka dube shi, suka ci gaba da kiwo.

"Ƙurunƙus, kan ɗan ƙadangare," in ji Iya. "Ba a aron muryar wanda ke kan hanya. A bar masa wurinsa."

Sannan ta jawo Ummi kan cinyarta, ta jawo kwanon tuwo. Da muryarta ta kanta, siririya mai rawa, ta ce, "Ummi, ban san inda Lawal yake ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Ba mu taɓa jin sunan nan a bakin Iya ba.

"Ni na haife shi, ni ma tuwon ba ya wuce mini. Loma ɗaya ke, loma ɗaya ni, kada ya dawo ya tarar da kara biyu."

Ummi ta dube ta, ta dubi lomar da ke hannunta. Sannan ta buɗe baki.

Baba ya dawo a kwana na goma sha biyu, da hantsi, a saman motar albasa. Sanyin hanya ya cinye masa murya, sallamarsa kamar ta zakara mai mura. Mu muna tsakiyar gem, Sanusi ya ɗaga murya ya ce, "Maigidan ba ya nan!" Ummi ce ta fita a guje ba takalmi.

Yau ni malamin makaranta ne, na karanta littattafai da yawa a kan fasahar baka, ban ga wanda ya kamo ƙafar Iya ba. Duk kakar zaɓe ina jin gwanaye a rediyo da waya suna magana da muryar talaka, wasu da muryar addini, kuma wallahi sun fi masu muryar zaƙi. Sai in tuna shanun nan. Iya tana iya muryar kowa a Daura, amma ranar da ake bukata, tata ta ɗauko, ga tsada, ga kunya.

Da Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kuwa, bango ta kalla.

"Wancan mutumin ne ya dawo?" ta ce. "A ba shi ruwan ɗumi. Muryar tasa ba ta da daɗin ji."