Makullin Hawa na Biyu

Shekara talatin da huɗu Mai Makulli ya yi a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ka miƙa masa makullinka, kafin ya ɗaga kai ya gaya maka ƙofar wa yake buɗewa. Haƙoran makulli yake ganewa. Fuskar mutum kuwa sai an tuna masa.

A da, masu mantuwa da sababbin ma'aurata ne kawai ke nemansa. Sai kuɗin jirgin sama ya yi sauƙi, waya ta fara kama wa mutum ɗaki tun yana kwance a ƙasarsa, 'yan yawon buɗe ido suka ɓarke. Da sanyi tsofaffi 'yan fansho, da hutu matasa masu jakar goyo, daga baya ma aka daina gane lokacinsu. Otal-otal suka cika, masu gidajen haya suka farga cewa baƙon kwana uku ya fi ɗan haya maiƙo. Kowane ɗaki kuma makulli shida yake ci, don baƙi kan wuce ƙasarsu da shi a aljihu.

Ya ji daɗi, ba sai an rufa masa asiri ba. Har sabon inji ya saya. Tela ya kwashe kekensa ya bar layin, mai gyaran rediyo ya bi bayansa, shi kuwa yana yanka makullan ɗakunansu yana cewa zamani ne.

Abin da ya ƙi tunawa shi ne shi ma haya yake, a hawa na biyu. Matarsa ta rasa ganinta shekara bakwai ke nan, amma a gidan ba za ka ce ba. Ta san matakala goma sha bakwai, ta san wadda ta ɓantare, ta san taku nawa ne daga gado zuwa famfo. A ko'ina ban da nan, sai an riƙe mata hannu.

Wata Talata da hantsi ɗan mai gidan da suke haya ya shigo shagon, ya zube makulli uku a kan tebur.

"Baba, shida-shida za a yi mini."

Mai Makulli na ɗaukar na ukun ya gane shi. Haƙorin tsakiya gajere ne. Da hannu ya goge shi a shekarar da suka tare.

"Wannan na hawa na biyu ne."

"Dama ina so mu zauna, Baba. Akwai wani gida bayan tasha, a ƙasa yake, babu hawa. Zai ma fi wa Mama sauƙi."

"Ba ta san shi ba."

"Za ta saba."

Da ya ga dama, da ya ɗan rage haƙori ɗaya kowanne ya ƙi juyawa. Ya yi wannan tunanin har injin ya yi zafi. Amma bai taɓa sakin gurgun makulli ba, hannunsa ma bai san yadda ake yi ba. Ya yanka shida na ƙofarsa, duka sumul. Bai taɓa jin haushin gwanintarsa ba sai ranar.

Da yamma ya tsaya a ƙofarsa, makulli ya ƙi samun rami. Matar ce ta buɗe daga ciki.

"Malam, tunda muka shigo gidan nan ban taɓa jin ka lalubi ƙofa ba. Lafiya?"

"Gajiya ce."

Ta kama hannunsa, ta kewaye da shi bokitin da ta ajiye a hanya, wanda shi bai gani ba.