Zumar Baffa

Ranar kasuwar da ta wuce wani mai zuma ya ɗiga min a yatsa in ɗanɗana. Na tambaye shi ko yana da tsohuwa. Ya yi dariya, ya ce wa ke barin zuma ta tsufa yanzu. Ni kuwa na san wadda ta bari.

Kakata ce, mahaifiyar babanmu, wadda duk gida ke kira Inna. A ƙarƙashin gadonta akwai tulu a binne har wuya, bakinsa liƙe da yumɓu. Baffana, babban ɗanta, shi ya ɗebo zumar daga amyarsa da ke kan ɗorawar gonarmu, shekarar da zai tafi ci-rani kudu. Ya ce ta ajiye masa sai ya dawo. Tun ba a haife ni ba ke nan, kuma ko wasiƙa ba a taɓa samu ba.

Duk shekara, in an gama zuba gero a rumbu, sai ta fasa yumɓun, ta tsoma tsinke, ta lasa, ta ba ni ragowar. Babanmu ya ce da fari ruwan ɗorawa ce. Ni na san ta ja kamar zoɓo, daga baya ta koma baƙi-baƙi. Zaƙin yana ja da baya, ƙamshin hayaƙi yana fitowa, da ɗan ɗaci a maƙogwaro. Inna takan lumshe ido ta ce, "Ba ta lalace ba. Yana raye."

Ina shekara tara ƙanwata ta kamu da tari mai tsanani a tsakiyar damina. Mai magani ya ce a nemo tsohuwar zuma. Mahaifiyata ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, ko cokali ɗaya ne."

"Ba tawa ba ce. Amana ce."

"Yarinyar ba ta iya numfashi, Inna."

Inna ta juya fuskarta bango. Kwana huɗu bayan nan aka kai ƙanwata makwancinta. Na girma na gane cewa wataƙila zuma ba za ta hana komai ba, amma mahaifiyata ba ta taɓa yarda da haka ba. Inna kuwa ba ta sake fasa yumɓun ba har ta rasu. Ba ta kuma sake ambaton Baffa ba.

Da birni ya iso mu ta wajen Ungogo, aka sayar da gidan. Ranar tashi babanmu ya tsaya a kan tulun da fartanya a hannu, ya daɗe, sannan ya ja ƙasa ya rufe bakin tulun.

Yau bene ne a wurin, da tayil da janareta. In na wuce a adaidaita nakan ga yaran gidan suna wasa a tsakar gida, daidai inda gadon Inna yake a da. Ba su san me ke ƙarƙashin ƙafarsu ba, yana ta ƙara baƙi, yana jiran mutum biyu, Baffa da ƙanwata.