Jakar Robar da Na Ƙi Saki

Har yau dangin babanmu a Argungu suna cewa taurin kaina ne ya hana a binne ƙanena da wuri. Su yi ta faɗa. Ban taɓa ba kowa haƙuri a kan wannan ba, kuma ba yanzu da furfura zan fara ba.

Lokacin Argungu tana cikin jihar Sakkwato. Daga saman motar albasa ya faɗo a hanyar Birnin Kebbi, kansa ya bugi kwalta. Ko da na iso asibiti an zura masa bututu a maƙogwaro, da wata jakar roba a jiki. Babu injin numfashi. Sai mutum ya matsa jakar da hannu ƙirjinsa ya tashi, ya sassauta ya sauka. Nas ta gaji, na karɓa. Jikinsa da ɗumi, ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa.

Washegari da hantsi likita ya ja baffanmu gefe suka yi magana, ni mai matsa jakar ko kallo ban samu ba. Baffa ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ɗiyata, saki abin ga hakanan. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta mutu. Mun aika gida a gina kabari."

"Baffa, zuciyatai na bugawa. Ba ni saki sai na gani da idona."

"Da ikon Allah kika ja?"

"Da likita nika ja. Likita ba Allah na ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kabari ga mutumin da ke da ɗumi a hannuna. Na ɗauka likitan zai kore ni, sai ya ce dama sau biyu ake gwajin mutuwar ƙwaƙwalwa, in jira la'asar ya zo da abokin aikinsa.

Da suka zo, ya fara da cewa babu maganin barci a jikin yaron da zai ruɗe su. Nas ta karɓi jakar, ya ba ni tocila. Na haska idon nas, baƙin tsakiya ya tsuke nan take. Na haska na ƙanena, ko motsi. Likita ya shafa auduga a ƙwayar idon, bai ƙifta ba. Ya ɗura masa ruwan ƙanƙara a kunne, ya ce mai rai idonsa zai juya. Nasa bai juya ba. Wannan yaron da ko ruwan randa ba ya yarda ya taɓa shi da safe! Ya motsa bututun har can ciki, babu tari.

"Saura ɗaya," in ji likita. "Za mu tsaya da jakar mu kalli ƙirjinsa. In ya ja numfashi ko sau ɗaya, ni da kaina zan ci gaba da matsawa."

Muka tsaya. Na kira shi da sunan da innarmu take kiransa, na sake kira. Ƙirjin bai tashi ba.

Likita ya mayar mini da jakar. Na ci gaba da matsawa ina kuka, har na gama gaya wa ƙanena abin da ke bakina, na yafe masa, na roƙe shi gafara. Daga nan na ajiye ta a kan gado da hannuna, babu wanda ya ce in ajiye. Na ɗora yatsa a wuyansa har bugun ya tsaya, sannan na fita na ce wa baffa yanzu su shigo.